Layin Tayil a Barandar Malam

Ranar Asabar ce, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran. Daga baya Malam ya sha komawa cikinta yana bin ta awa-awa, kamar yadda yake bin takardar ɗalibi da jan biro, yana neman inda kuskure ya soma.

Da ƙarfe bakwai da ɗan wani abu ya ji ƙarar babur a ƙofar gida. Dogo ne, ɗansa na fari, da 'yarsa Tsuntsuwa zaune a gaba ta rungume tanki, buhun kayan aiki ɗaure a baya. Tayil biyu ne suka tsage a kicin tun ranar da tukunyar ƙarfe ta faɗo musu, Umma, matar Malam, kuwa ta yi mita har ta gaji.

"Ga injiniyan ƙasa ya iso," in ji Auta, ƙanwar Dogo, tana buɗe masa ƙofa.

Dogo ya ce, "Ke dai kawo shayi. Digirinki da ba ki gama ba bai isa a tanka masa ba."

Ƙarfe takwas suna shan shayi a falo. Dogo ya zo zuba wa mahaifinsa, ruwan ya kauce wa kofi ya jiƙa faranti. Umma ta ce hannunsa na rawa sai ka ce na tsoho, ya ce iskar babur ce, aka wuce wurin.

Ƙarfe tara ya durƙusa a kicin da cizal da guduma. Bayan ya ɓamɓare fasassun sai ya bi na kewaye ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da ƙotar cokalin gini, ya karkatar da kai yana saurare. Wadda ta kama siminti sosai muryarta a toshe take, wadda ta saki kuwa tana amsawa kamar gwangwani. Tsuntsuwa ta ɗauko cokalin shayi tana bin bayansa, ita ma ta karkace kai. Kafin sha ɗaya ya kwaɓa siminti ya zaunar da sababbin, ya goge su da tsumma.

"Umma, kar a taka nan sai gobe."

"A kicin ɗin nawa?"

"Yau nawa ne. Gobe zan mayar miki."

Bayan azahar ya ci abinci ya miƙe a kan doguwar kujerar falo, ƙafafunsa sun zarce hannun kujerar kamar kullum. Bayan la'asar shi da Malam suka zauna sauraron ƙwallo a rediyo suna musu. Ya zo faɗin sunan wani ɗan wasa, harshensa ya sarƙe, ya sake, ya kuma sarƙewa. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya yi.

Wajen ƙarfe shida ya tashi tafiya. A bakin baranda ƙafarsa ta hagu ta tokari matakala, ya yi tangal-tangal ya dafa bango. "Umma, kin ƙara wa matakalar nan tsawo ne?" ya ce. Kowa ya yi dariya ban da Malam. Malam yana tsaye a bayansu yana kallon ƙafafun ɗansa, kuma abin da ya zo masa a rai ba ciwo ba ne.

Sai an san aikin da Malam ya yi kafin a gane dalili. Yawancin rayuwarsa a makarantar kwana ta maza ya yi ta, yana mataimakin shugaba mai kula da tarbiyya. A gaban ofishinsa akwai baranda mai tayil, kuma duk yaron da aka kawo masa da zargin ya sha wani abu, maganin tari ne ko ƙwaya, ba ya dukansa, ba ya ma ɗaga murya. Sai ya ce masa ya cire takalmi ya bi layin da ke tsakanin tayil, diddige na taɓa yatsu, daga wannan bango zuwa wancan. Wanda ya kai ƙarshe ya koma aji. Wanda ya kauce a kira iyayensa. Ɗalibai suka sa masa Malam Layi, yana kuma jin daɗin sunan, ko da yake bai taɓa nunawa ba. Ya kan ce baki na iya ƙarya, ƙafa kuwa ba ta iyawa, kuma duk tsawon aikinsa ba a samu wanda ya ja da shi ba.

Dogo ya taso a gidan malamai na makarantar nan. Yaro ne mai shiru da son jera abubuwa. Takalman baƙi ma in ya gan su a warwatse a bakin ƙofa sai ya daidaita su. Ya shiga jami'a karatun zanen gine-gine, a hutun shekara ta biyu ya bi wani mai sa tayil aikin wucin gadi, daga nan bai koma ba. Malam ya daɗe ba ya amsa masa gaisuwa da fiye da kalma ɗaya. Abin da ya sassauta shi aikin yaron ne. Lokacin da Malam ya yi ritaya ya gina ɗan gidansa, Dogo ne ya sa tayil ɗin duka, kuma a doguwar barandar da ta taso daga falo zuwa kicin ya ja layi ɗaya a tsakiya, miƙaƙƙe tun daga ƙofa har bango. Malam ya tsuguna ya kanne ido ɗaya ya duba, ya tashi bai yaba ba. Amma duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa.

A wajen sayen siminti Dogo ya haɗu da matarsa, 'yar Alhaji mai shagon kayan gini. Shekara shida da auren, har yanzu Amarya ake ce mata a gidan, domin Umma ta ce ba ta ga abin da ya tsufa a jikinta ba. Suna zaune lafiya. Dogo ba shi da abokan yawo, ba ya ko shan taba. Malam ya san wannan duka.

Cikin makonnin da suka biyo bayan Asabar ɗin nan maganganu suka fara iso masa. Wani maƙwabci ya ce ya ga Dogo ya faɗi da babur a hanyar da babu rami. Wani mai gida da ya ba shi aiki ya tare Malam a bakin masallaci ya ce, cikin ladabi, yaron ya zo aiki yana magana kamar mai barci a baki, ya fasa masa tayil rabin kwali. Malam ya yi godiya ya wuce.

Da Dogo ya zo gaisuwa ranar Juma'a da yamma, da Amarya da yarinyar, Malam bai bari ya zauna ba.

"Cire takalminka."

"Na'am, Baba?"

"Ka ji ni. Ka tsaya a bakin ƙofar can, ka bi layin nan zuwa kicin."

Auta ta fara murmushi, ta ɗauka wasa ne, sai ta dubi fuskar mahaifinta ta daina. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Malam, a gaban matarsa?"

"A gaban kowa."

Dogo ya cire takalmi ya jera su a gefe. Ya ɗora ƙafar dama a kan layin, ya kawo ta hagu, ya buɗe hannuwa. Bai yi nisa ba jikinsa ya tafi gefe, kafaɗarsa ta bugi bango. Ya koma ya sake ba tare da an ce masa ba. Wannan karon durƙushewa ya yi. Tsuntsuwa ta tafa hannu tana dariya, ta ce saura ita.

"Me kake sha?"

"Wallahi, Baba, ban sha komai ba." Kalmomin suka fito a jaye, suna manne da juna.

"Duk wanda ya tsaya a gabana haka ya ce."

"Ni ma ban san abin da ke damuna ba. Ƙasa ce take..."

"Ƙasar da kai ka shimfiɗa?"

Dogo ya tashi ya sa takalminsa.

Malam mutum ne da ba ya ɓoye laifin nasa ya tona na wani, da haka aka san shi, da haka kuma yake alfahari. Washegari ya sa rigarsa ta fita ya tafi shagon Alhaji. Akwai benci a ƙofar shagon inda magina da masu fenti da direbobin tifa suke zama jiran aiki. Bai ja surukin nasa gefe ba. A nan tsaye, a gaban benci, ya ce ɗansa ya faɗa shaye-shaye, shi da kansa ya gwada shi, kuma amana ce ta sa ya zo ya faɗa, domin kada a wayi gari yaron ya kayar da jikarsu a kan babur. Alhaji ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce samun suruki irinsa sai an tona. A ranar ya aika mota ta kwaso Amarya da yarinyar.

Ba asibiti Malam ya kai ɗansa ba. Wata cibiya ya kai shi a bayan gari inda ake tsare masu shaye-shaye har jikinsu ya saki. Dogo bai yi gardama ba. Ya shirya jakarsa da kansa, ya ninke kayan daidai wa daida, a mota kuma abu ɗaya ya roƙa, a gaya wa abokin aikinsa ya rufe buhunan simintin da suka rage kada ruwa ya taɓa su.

Wata bai cika ba jami'in cibiyar ya kira ya ce Malam ya zo. Mutum ne mai ƙiba da gajiya a ido, ya daɗe a aikin.

"Malam, wannan ba namu ba ne."

"Kamar yaya?"

"Namu in ka hana su, makon farko hauka, na biyu rawar jiki, daga nan sai su fara cin abinci kamar fara. Naka ba ya neman komai, ba ya faɗa da kowa, gyara mana tayil ɗin banɗaki ma ya so yi. Amma kullum tafiyarsa ƙara lalacewa take. Mun gwada fitsari, mun gwada jini, babu komai. Ka kai shi wajen likita."

Malam ya ce wataƙila yana samu a ɓoye. Jami'in ya miƙa masa sakamakon gwajin.

A babban asibiti aka tura su sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Suka zauna a dogon benci tun safe, cikin masu shanyewar ɓarin jiki da masu farfaɗiya. Da aka kira su, likitan ya ɗago kai daga takarda, ya dubi Malam, sai ya miƙe tsaye.

"Malam Layi? Ni ɗalibinka ne, ranka ya daɗe. Na taɓa bin layinka sau ɗaya, kan maganin tarin da ba nawa ba. Allah ya taimake ni na kai bango."

Ya ba Malam kujerarsa ta baƙi, ya saurari bayani, ya haska idon Dogo, ya ƙwanƙwasa gwiwoyinsa da 'yar guduma, ya sa shi ya taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsan likita. Yatsan Dogo ya yi ta yawo a iska kafin ya samu hancin. Daga nan likitan ya ja kujera gefe ya nuna ƙasa.

"Cire takalmi, ɗan'uwa. Ka bi mini layin nan, diddige na taɓa yatsu."

Dogo ya waiwayi mahaifinsa. Ba da fushi ba, kusan da murmushi. Ya bi, ya kauce, ma'aikaciyar jinya ta tare shi.

"Wannan gwajin naku ne?" in ji Malam, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Namu ne, Malam. Yana nuna cewa akwai matsala a wurin da ke riƙe daidaiton jiki. Amma ba ya faɗin abin da ya kawo ta. Giya na kawo ta, ƙwaya na kawo ta, ciwon kunne ma na kawo ta, da wasu cututtuka masu yawa." Ya ci gaba da rubutu. "Akwai wani a ajinmu da ya faɗi layinka, ashe kunnensa ne ke ruwa. Yanzu yana sayar da taya."

Bai faɗa don ya soki kowa ba, hira ce kawai ta tsohon ɗalibi. Malam ya ce zai fita ya sha iska. Ya tsaya a bayan ginin kusa da tankin ruwa har Auta ta zo nemansa.

Daga ranar aka shiga nema. An sa Dogo cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, hoton ya nuna ƙaramin sashen da ke wajen ƙeya ya fara motsewa. An ɗebi ruwa daga ƙashin bayansa. An gwada jininsa kan duk abin da asibitin ke iya gwadawa, aka aika wani jinin zuwa ƙasar waje. Kowane sakamako da ya dawo abu ɗaya yake cewa, ba wannan ba ce. Likitan ya tura su wajen malaminsa a wani gari, malamin ya tura su wajen wata ƙwararriya, ita kuma ta tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi. Malam da Umma suka zauna suka bi kakanni da 'yan'uwan kakanni, ba su samu kowa ba sai wani kawun Umma da aka ce yana da rawar kai, shi ma ba wanda ya tabbatar.

Amarya ta dawo da kanta, ran da ta ji abin da jami'in cibiyar ya faɗa. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta shigo da akwatinta da 'yarta, ta durƙusa ta gaida Malam kamar yadda ta saba, ta wuce ɗakin da aka sa mijinta. Da ta yi masa ko kallon banza ne, da ya fi samun sauƙi.

Malam ya ɗauka sakamakon fitsari da jini zai wanke ɗansa. Bai wanke shi ba. Maganar da ya ajiye a ƙofar shagon Alhaji ta riga ta yi ƙafa, kuma da ciwon ya fito fili sai ta haɗiye shi. Mutane suka ce ƙwaya ce ta cinye masa ƙwaƙwalwa. Suka ce ai dole gwaji ya fito fes tunda an tsare shi wata guda kafin a yi. Iyaye suka riƙa nuna wa 'ya'yansu shi in an fito da shi a keken marasa lafiya. Duk wanda Malam ya ce wa ciwo ne, sai ya tambaya, "Wane ciwo?" In ya ce ba a gano ba tukuna, sai mutumin ya gyaɗa kai a hankali ya ce Allah ya sawwaƙe, da irin muryar da Malam ya sani sarai, domin da ita shi ma yake sallamar iyayen yara a ofis. Wata rana Tsuntsuwa ta dawo daga makaranta ta tambayi kakarta mene ne ɗan ƙwaya.

Saboda haka Malam suna yake nema. Magani ma yana so, amma tun da wuri likita ya gaya masa gaskiya cewa irin waɗannan cututtuka ko an gano su ba kasafai ake juya su ba. Suna yake so, kalma ɗaya ta likitoci, mai tsawo, mai wuyar faɗa, wadda zai ɗauka ya kai ƙofar shagon nan ya ajiye a inda ya ajiye waccan. Ya sa Auta ta koya masa bincike a waya. Ya karanta rahotannin da bai fahimci rabinsu ba, ya rubuta wa likitocin da bai taɓa gani ba, wasu suka amsa da ladabi, yawanci ba su amsa ba. Duk ranar asibiti yana zuwa da sunan wata cuta, likitan ya saurare shi da haƙuri ya ce an riga an duba wannan, Malam.

"Baba," in ji Dogo wata rana a mota suna dawowa, yana jan kalmomin ɗaya-ɗaya, "kai da sunan nan... sai ka ce jaririya aka haifa mana."

Amarya ta yi dariya, Auta ma. Malam ya kalli taga.

A shekara ta biyu Dogo ya bar sanda ya koma keke gaba ɗaya. Hannun da ke zaunar da tayil ba tare da igiya ba ya kasa kai cokali baki. Ruwa ya fara sarƙe shi. Hankalinsa kuwa bai taɓu ba ko kaɗan, yana jin komai, yana gane komai, yana dariya tun kafin a kai ƙarshen labari. Da safe Malam ne ke tura shi zuwa baranda ya sha hantsi. Nan ya kan roƙi a ba shi tsohuwar sandarsa, ya riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kusa da shi yana saurare.

Sau da yawa Malam ya shirya maganar da zai yi masa. Ya tsara ta kamar jawabin taron iyaye, da farko da tsakiya da ƙarshe. Wata safiya ya ja kujera ya zauna gab da shi ya fara. "Ranar nan da na sa ka..."

Dogo ya buga sanda a ƙasa. "Wannan... ta saki."

"Ina magana ne a kan..."

"Ji." Ya sake bugawa. Tayil ɗin ta amsa kamar gwangwani. Ya ɗaga sandar da ƙyar ya nuna tsakiyar baranda. "Layin... yana nan... a miƙe?"

Malam ya duba. "Yana nan a miƙe."

"To."

Ya lumshe ido ya juya fuska wajen rana. Malam bai san ko yafiya ce aka yi masa ba ko hana shi roƙo aka yi. Har yau bai sani ba.

Dogo ya rasu a farkon shekara ta uku, da hantsi, bayan ciwon huhu da sarƙewar abinci ta jawo. A takardar asibiti an rubuta ciwon huhun, a ƙarƙashinsa kuma aka rubuta lalacewar ƙwaƙwalwa wadda ba a gano musabbabinta ba. Likitan ya zo ta'aziyya. Ya ce a adana hotunan da sakamakon duka, ilimi na ƙaruwa, wataƙila wata rana a gano. Sannan ya ce a riƙa lura da yarinyar, ba don yana zargin komai ba.

Bayan an share makoki aka zo kan kayansa, ba su da yawa. Babur aka sayar. Keken marasa lafiya da sandar aka mayar sashen da ya yi jinya, domin akwai masu jira. Injin yankan tayil da gudumar roba da igiya da cokulan gini aka ba abokin aikinsa. Riguna Umma ta raba wa dangi, sai dai wandunan sun fi ƙarfin kowa, tela ya rage musu tsawo. Hotunan ƙwaƙwalwa suna cikin babbar ambulan a saman kabad ɗin Malam.

Amarya ce ta kawo takalman aikinsa a leda, ta ajiye a gaban Malam.

"Baba, waɗannan ban san wa zan ba ba. Ba su da kyau."

Ya juya su. Na dama ya tsufa yadda takalmi ke tsufa. Na hagu kuwa bakinsa ya cinye har ya huje, an yi masa faci, facin ma ya cinye an ɗora wani.

"Yaushe aka yi facin nan?"

"Na farkon tun ina goyon ƙanin Tsuntsuwa da ya rasu yana jariri. Ya fi shekara kafin... kafin ranar nan. Na ce masa yana jan ƙafa, ya ce in bar shi, kar in tayar wa Umma hankali."

Malam ya san takalmi ba hujja ba ne. Da wani uba ya kawo masa irinsa ofis, da ya ce mai shaye-shaye ma yana jan ƙafa. Amma shi ke nan abin da yake da shi. Washegari ya sa rigarsa ta fita, ya ɗauki ledar, ya tafi shagon Alhaji a lokacin da ya san benci a cike yake.

Suka gaisa. Alhaji ya ce su shiga ciki, Malam ya ce nan ma ya isa. Ya fito da takalman ya ɗora a kan buhun siminti.

"A nan na tsaya na ce ɗana yana shaye-shaye. Bai taɓa sha ba. Ciwo ne, ya fara cin sa tun kafin in lura, ga ƙafarsa nan. Gwajin da na yi masa ba ya bambanta mai ciwo da mai maye, ni ne ban sani ba. Duk wanda ya ji waccan daga bakina, ina roƙon ya ɗauki wannan ya kai inda ya kai waccan."

Wani mai fenti ya ce, "To Malam, wane ciwo ne?"

"Ba a sani ba."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Wani direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makullinsa. Wani ya ce Allah ya jiƙansa, saura suka amsa. Malam ya ga waɗanda suka yarda, ya kuma ga waɗanda suka tausaya wa tsoho kawai. Alhaji ya ɗauki takalmin hagu ya sa babban yatsa a cikin hujin ya daɗe yana dubawa.

"Ni ma na faɗa wa mutane da yawa," ya ce. "Bar su a nan tukuna."

Ya ɗora su a kan kanta ta sama, tsakanin gwangwanayen fenti, inda duk wanda ya shigo zai gani. An ce duk mai tambayar ko na sayarwa ne, Alhaji ya kan ajiye abin da yake yi ya ba shi labari tun daga farko. Da damina ta wuce ya aiko da su a sabuwar leda, ya ce a ajiye wa yarinyar. Suna saman kabad, kusa da ambulan.

Abin da ya rage shi ne baranda, ita kuwa ba a kyautar da ita. Umma ta sayo doguwar darduma aka shimfiɗa daga falo har kicin. Duk ranar da aka kawo Tsuntsuwa sai ta naɗe ta gefe, ta cire takalmi, ta buɗe hannuwa ta bi layin tana cewa Kaka ya kalle ta. Malam yana kallo, tun daga ƙofa har ta taɓa bango. In ta tafi sai ya mayar da dardumar. Tayil ɗin nan da ta saki tana nan a ƙarƙashi, abokin aikin Dogo ya yi tayin gyarawa, Malam ya ce a bar ta.